Mai Farar Mota

Ranar da Auta ta fara ganinsa, garin ya yi wani irin shiru da ba ta taɓa jin irinsa ba tun da aka haife ta.

Ƙaramar hukuma ta kafa dokar zaman gida saboda annobar da ta shigo. An rufe kasuwa, an rufe makarantu, an girke shinge a bakin manyan tituna. Titin da ke ƙarƙashin benensu, wanda a da sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, yanzu tattabaru ne ke kiwo a tsakiyarsa, suna takun ƙasaita kamar don su aka shimfiɗa kwaltar. Daga barandarsu a hawa na uku tana jin kukan jaririn da ke can ƙarshen layi, har da ƙarar cokali a gidan da ke kallonsu.

Auta tela ce. Kafin dokar ta fara aiki ta sa aka hawo mata da kekenta daga shago, ta kafa shi a baranda, tana ɗinka takunkumin fuska da ragowar yadudduka. Duk wanda aiki ya tilasta wa fita, mai shara ne ko mai gyaran wuta, in ya tsaya a ƙasa sai ta zura masa guda a kwando da igiya, kyauta.

Da hantsi wata farar mota ta tsaya daidai ƙasan barandar. Wani saurayi ya fito, igiyar takunkuminsa ta tsinke, yana ta ƙoƙarin ƙulla ta da yatsun da gajiya ta kashe.

"Bawan Allah!" ta kira. Ita kanta ta firgita da yadda muryarta ta cika layin.

Ya ɗago kai. Ba kyan fuskarsa ba ne ya tsayar mata da ƙafa a kan keke, idanunsa ne. Idanu ne masu nauyi da natsuwa, irin na wanda ya ga abin da ya fi shekarunsa.

Ta zura kwandon. Ya ɗauki takunkumin, ya juya shi, sai ya yi murmushi.

"Mai furanni aka ba ni? Abokan aikina za su kashe ni da tsiya."

"Shi ya rage. In ba ka so, mayar, akwai masu so."

"A'a, ni da kyautar da ta sauko daga sama? Ai ko mai hoton agwagwa ne zan ɗaura."

Ta rufe baki da gefen mayafi don kar dariyarta ta kai gidan maƙwabta. Ya ce suna da yawa a wurin aiki, ko za ta taimaka musu da wasu. Ta ce sai ta san adadi. A nan tsaye ya karanto mata lambarsa da ƙarfi, layin ya maimaita ta, har wata tsohuwa da ke zaune ita kaɗai a gidan da ke kallonsu ta leƙo taga ta ce, "Ni ma na haddace, ɗan nan!"

Ta ɗan buga masa don ya samu tata lambar. Da la'asar saƙonsa na farko ya shigo.

"Salamu alaikum, Ta Sama. Mai furanni ya yi aiki. An yi min tsiyar, amma duk wanda ya yi tsiyar ya ce a samo masa irinsa."

Ta karanta, ta sake karantawa, sannan ta amsa.

"Wa alaikumus salam, Mai Farar Mota. Wa ya raɗa min Ta Sama? Ka ce musu mai agwagwa ne ya rage."

Haka abin ya fara. Kusan kullum motar sai ta bi ta layin, ya tsaya nesa, ta zura kwando, su gaisa kamar ba komai. Sauran zancen waya ke ɗauka. Da ta tambaye shi aikinsa ya ce, "Tuƙi nake wa ƙaramar hukuma," ba ta ƙara tambaya ba. Shi ne idonta a cikin gari.

"Yau na ga bushiya tana tsallaka babban titi, a hankali, ba ta ko duba hagu da dama ba. Na tsaya har ta wuce. Na so a ce kina wurin."

"Ta Sama, kin san daga gadar nan ana hango duwatsun bayan gari? Tun ina yaro nake bi ta kanta, ban taɓa ganinsu ba sai yanzu da hayaƙi ya kwanta. Na kashe mota na yi ta tasbihi."

Takan ajiye almakashi ta rungume wayar a ƙirji. Duniya ta tsaya cak, amma ita a nan cikinta wani abu ya fara tafiya.

Gidansu kuwa ba gidan dariya ba ne a lokacin. Tun farkon annobar aka ɗauki Baffa, yayan Baba, zuwa cibiyar killace marasa lafiya. Ba a bari kowa ya bi shi ba. Bayan kwanaki aka bugo waya aka ce ya rasu, an kuma binne shi. Shi ke nan. Baffa ne ya riƙe Baba tun rasuwar iyayensu, da sana'ar gasa burodi ya sa shi a makaranta. Baba bai yi kuka ba. Ya dai daina cin abincin kirki, ya koma goge mariƙin ƙofa da sabulu sau ba adadi, ya kuma zauna a kujerarsa yana kallon bango.

"Ko fuskarsa ban gani ba," yakan ce wa Umma. "Ban san ko an sallace shi ba. Ban san ko jefa shi aka yi ba."

A ƙasan benen akwai kemis, shi kaɗai ne shagon da doka ta bar wa buɗewa. Mai kemis ɗin ɗan mai gidan ne, ya daɗe yana son Auta, Umma kuma na yi da shi.

"Yaro mai hankali, ga sana'a, ga shi a ƙasanmu," in ji Umma. "Ko yaji kika yi, matakala kawai za ki hawo."

"Umma, tun ba a yi auren ba har kin shirya min yaji?"

Mai kemis yana ganin farar motar kullum ta gilashin shagonsa, yana ganin kwandon na sauka yana hawa. Wata safiya ya hawo da maganin hawan jinin Baba, ya ajiye a bakin ƙofa, ya ja da baya, ya gaishe su. Sai ya yi gyaran murya.

"Baba, ba gulma na kawo ba, amma haƙƙin maƙwabtaka ne. Kun san abin da motar nan ke ɗauka? Gawa ce. Yaron nan cikin masu binne mutanen annoba yake. Da hannun da yake taɓa su yake taɓa kwandon da ke shigowa gidan nan."

Umma ta dafe ƙirji ta yi salati. Baba ya tashi, ya ɗauki almakashin Auta, ya fita baranda ya datse igiyar. Kwandon ya faɗa titi, tattabaru suka watse.

"Na rasa yayana," ya ce. "Ba zan rasa ki ba. In har ni na haife ki, kar in ƙara ganin motar nan ta tsaya saboda ke."

Auta ta shiga ɗaki ta ɗauki waya ta rubuta masa.

"Gaskiya ne abin da aka ce? Gawa kake ɗauka?"

Amsar ba ta daɗe ba.

"Gaskiya ne."

"Me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"Ranar da mai gidan da nake haya ya ji, ya fito min da kayana waje. Yanzu a ɗakin ma'aikata nake kwana. Mai shagon layinmu ba ya karɓar abu daga hannuna. Ke kaɗai ce kike ganina ki yi murmushi. Na ji tsoron in rasa wannan. Wallahi ban taɓa zuwa ƙasan barandarki ba sai na yi wanka na canza kaya an yi wa motar feshi. Amma ɓoyewar laifi ce, ki yafe min."

Ta yi kuka har mayafinta ya jiƙe. Aikin bai ba ta ƙyama ba. Abin da ya sosa mata rai shi ne ya sa ta cikin sahun masu gudunsa tun bai gwada ta ba. Ga kuma maganar Baba. Ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge, a ƙarshe ba ta aika komai ba.

Shi kuma ya fassara shirun yadda duniya ta koya masa. Washegari saƙo ɗaya ya shigo.

"Na gane, ban kuma ga laifinki ba. Zan canza hanya. Allah ya tsare min ke."

Motar ta daina bi ta layin. Auta ta ci gaba da ɗinki, tana tara takunkumin a jaka ba mai karɓa. Mai kemis ya ƙara yawan hawowa, yau sabulu, gobe ruwan goge hannu. Tana gaishe shi da ladabi, ba ta wuce gaisuwa.

Sai wata safiya tagar tsohuwar nan ta ƙi buɗewa.

Kowa a layin ya saba da ita. Ita ce ke fara buɗe taga ta watsa wa tsuntsaye hatsi, ta gaida kowa da sunan 'ya'yansa. An san tana tari kwana biyu. 'Ya'yanta na wasu garuruwa, doka ta hana su zuwa. Maƙwabta suka yi ta kira daga baranda, shiru. Aka buga wa jami'an lafiya. Suka zo, suka shiga, suka fito kansu a ƙasa.

Kafin azahar farar motar ta shigo layin.

Mutum huɗu suka fito, biyu mata, duk cikin fararen rigunan kariya tun daga kai har ƙafa. Ba a ganin komai sai ido a bayan gilashi, amma Auta ta gane shi daga tafiyarsa. Nan da nan tagogi suka fara rufuwa, ƙaf, ƙaf, ƙaf. Ita ta kasa motsi. Matan suka shiga suka daɗe suna shirya gawar tsohuwar. Sannan aka fito da ita.

Auta ta zaci za ta ga gaggawa da tsoro. Abin da ta gani shi ne ya ɗauki wajen kan tsohuwar yana sauko da ita matakala a hankali, kamar mai ɗauke da jaririyar da barci ya kwashe. Da gefen lulluɓin ya zame, sai ya tsaya ya gyara shi da hannu biyu. Suka sa ta a mota.

Bai shiga ba. Ya dawo tsakiyar titi, ya ɗaga kai ya dubi rufaffun tagogin, ya ɗaga murya.

"Jama'a! Uwarku ce, maƙwabciyarku ce. 'Ya'yanta ba su samu zuwa ba. Ba a ce kowa ya sauko ba, amma don Allah kar ta bar layinta ba wanda ya yi mata addu'a. Daga inda kuke ma ya isa."

Shiru. Sai wata taga ta buɗe. Sai wata. Wani dattijo a hawa na biyu ya ɗaga hannu ya fara, muryarsa na karyewa. Aka amsa daga hagu, aka amsa daga dama. Kafin ka ce me, baranda bayan baranda, hawa bayan hawa, layin gaba ɗaya ya cika da hannaye a sama, maza da mata da yara, "amin" na tashi tana bin bango kamar ruwa ya ɓalle. Mutanen da suka yi makonni ba su haɗa ido ba suna kuka tare. Shi kuwa yana tsaye shi kaɗai a tsakiyar kwalta, fari fat, kansa a sunkuye.

Tsigar jikin Auta ta tashi. Ba ta san akwai irin wannan girman a cikin ɗan Adam ba. Sai ta ji numfashi a bayanta. Baba ne, hannayensa a sama, yana addu'a.

Da saurayin ya juya zai shiga mota, Baba ya kama ƙarfen baranda.

"Yaro!"

Ya ɗago.

"In ka kai ta, ka dawo. Ina da tambaya."

Da la'asar ya dawo, cikin kayan gida, ya tsaya can tsallaken titi, ya durƙusa ya gaida Baba. Bai ko dubi inda Auta take ba. Baba ya tambaye shi.

"Tun farkon abin nan kake wannan aikin?"

"Tun farko, Baba."

"Akwai wani dattijo… daga cibiyar killacewa. Fari, mai saje. Hannayensa duk tabon ƙuna ne, daga wuyan hannu zuwa gwiwa."

Saurayin ya yi tunani. Sannan ya ce a hankali, amma layin ya kawo maganar har sama, "Tsofaffin tabo, a jere, kamar na bakin tanda?"

Baba ya nemi wurin zama. Umma ta tura masa kujera.

"Yayana ne. Mai gasa burodi ne."

"Allah ya jiƙansa. Baba, ni na riƙe kansa. An suturta shi yadda ya kamata, mun yi masa salla, mu da masu haƙa da limamin da ke tare da mu. Na tuna shi ne saboda na daɗe ina kallon hannayen nan, na ce a raina wannan bawan Allah ya ciyar da mutane. Da hannuna na kwantar da shi. Akwai bishiya ta wajen kansa, wurin na da inuwa. In an buɗe gari, ni zan kai ka."

A nan Baba ya fashe da kukan da ya riƙe tun ranar da aka bugo waya. Kuka sosai, irin na yaro, yana cewa, "Yaya, ashe ba a jefar da kai ba. Ashe an sallace ka." Umma na kuka, Auta na kuka, saurayin can tsallake yana share ido da bayan hannu. A ranar Baba ya nemi abinci da bakinsa, ya kuma cinye.

Kafin magariba Auta ta ɗauki waya.

"Ba ƙyamarka na yi ba, ko na daƙiƙa ɗaya. Fushi na yi da ka zaci zan guje ka. Yau na ga ko wane ne kai, har na ji kunyar fushin nawa. Kar ka ƙara ɓoye min komai, ko da ya kai dutse nauyi. A raba mana."

"Sanyin idona, tun da na fara aikin nan ban yi kuka ba sai yau, sau biyu, na biyun ke kika jawo. Na yi alkawari. In Baba zai ba ni ke, zan jira ko shekara nawa ne."

"Shekara nawa? Kai dai ka iya jira. Ni ban iya ba."

Umma ce ta fara saukowa. "Ni dai tsoro nake ji, ba ƙinsa nake ba," ta ce wa Baba. Baba ya kira saurayin a waya da kansa, ya gindaya sharaɗi ɗaya: babu maganar aure sai aikin ya ƙare, an killace shi, likita ya tabbatar da lafiyarsa. Saurayin ya ce ko Baba bai faɗa ba haka zai yi. Mahaifiyarsa ta kira Umma daga garinsu, suka shafe lokaci suna hira kamar sun shekara da sanin juna, har cajin wayar ya ƙare.

Mai kemis ya hawo wata rana ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula. "Ina cikin shago ranar tsohuwar nan," ya ce. "Na ga komai. Baba, ku ba shi. Ni ko titin ban iya fitowa ba." Baba ya sa masa albarka.

Annobar ta ja da baya sannu a hankali, kamar yadda zazzaɓi ke sauka. Fitar farar motar ta ragu, har aka wayi gari an yi mako ba a kira su ba. Ya shiga killacewa, ya fito da sakamako mai kyau. Ranar da aka ɗage shingen tituna, ya cika alkawari, ya kai Baba ƙarƙashin bishiyar.

An ɗaura auren lokacin da doka ta yarda da ƙaramin taro kawai. 'Yan uwa kaɗan ne a farfajiyar gidan, kujeru nesa da juna, sauran dangi na kallo ta waya suna ta gardamar wa ya rufe wa wani fuska. Mai kemis ya tsaya a bakin ƙofa yana matsa wa kowa ruwan goge hannu, har liman bai tsira ba.

Bayan an shafa, aka ce ango ya hawo ya gaida iyaye. Auta na zaune a falo kusa da Umma, tana jin takunsa a matakala, zuciyarta na bugawa tare da shi. Ya yi sallama. Sai da ya sunkuyar da kai kafin ya shigo ƙofar.

Ta ɗaga ido, ta ƙara ɗagawa, ta ƙara. Ba ta san lokacin da maganar ta suɓuce mata ba.

"Ashe kai dogo ne haka?"

Falon ya kwashe da dariya, har Baba sai da ya riƙe ciki. Ango ya durƙusa a gabansu, ya ce ƙasa-ƙasa yadda ita kaɗai za ta ji, "Ke kuma ashe 'yar ƙarama ce. Duk tsoron da nake ji, na wannan ne?"

Baba ya kamo hannunta, ya kamo nasa, wannan hannun da gari ya yi ta gudu, ya riƙe shi da kyau ya daɗe bai saki ba. Sannan ya haɗa su.

"Ɗana, ga Auta nan. Ka mutunta waɗanda ba za su iya gode maka ba, don haka ba na tsoron ba ka mai rai. Allah ya sa albarka a tsakaninku. Ya ba ku lafiya da zaman lafiya, ya ba ku zuriyar da za ta jiƙanku. Yadda ka rufa wa bayinsa asiri, Allah ya rufa muku naku duniya da lahira."

"Amin," in ji Umma tana share hawaye da bakin mayafi. "Amin, amin. Ku tashi ku je, Allah ya yi muku albarka."

Suka miƙe tare. Hannunsa na da ɗumi, Auta ta ƙara riƙe shi.